Motata da Firinjin Madam Rifkatu

Da na sayi motar lantarki, ban tsaya na tuna cewa a hawa na uku nake haya a Bompai ba, kuma mota ba ta hawa bene. Duk da haka, a kamfanin robobin da nake aiki a Sharada, kullum sai na yi wa abokan aiki huɗuba a kan wahalar layin mai.

Ran wata Juma'a batir ya yi ƙasa. Na zagaya bayan ɗakin girkin kamfanin, na ga soket da wata tsohuwar wayar wuta a jone. Na dube ta da idon masani, na yanke hukuncin ba ta da amfani. Na zare ta, na jona motata, na hau Adaidaita zuwa gida ina jinjina wa kaina.

Ran Litinin na tarar batir ya cika fal. Na kuma tarar da ma'aikata cirko-cirko, kowa ya toshe hanci. Ashe wayar firinjin Madam Rifkatu ce, mai dafa mana abinci, kuma kifin mako guda ne a ciki.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Oga, motar taku ta ƙoshi?"

Na ce ta ƙoshi.

Makon nan kaf garau-garau aka ci, ana kai loma ana kallona.

Har yau in na leƙa cin abinci, sai ta ajiye ludayi ta ƙwala wa masu wanke-wanke kira: "Ku tsare firinji, ga Oga nan!"