Ranar da Gangar Noma Ta Jefa Ni Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na shiga filin ƙwallo a Gaya da babbar riga ba. Ko na so in manta, taubashina Ilu yana nan da ransa, ba zai bari ba. A shekarar da motoci suka canja hannu a kan titi ne, ƙarshen damina, an yanke gero ana jiran dawa.

Kafin wannan rana, in ka tambayi mutanen garinmu Kademi wa ya fi kowa haƙuri, ni za a nuna maka. Ni ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, ina riƙe fensir kamar mai riƙe da ƙaya. Sa'o'ina duk suka zame ɗaya bayan ɗaya, ni na zauna har na iya rubuta wannan da kuke karantawa. (In kun ga layi ya karkace ku yi mini uzuri, hannun garma ne.)

Ina da ɗan fari, lokacin yana ajin ƙarshe na firamare, dogo ne siriri. Ba zan rubuta sunansa ba. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai kamar ya ga ɗan maƙwabta. In dole ta kama, sai "kai" ko "yaron nan". Abokansa suna ce masa Barewa, kuma sunan bai yi masa yawa ba. In ana ƙwallo, duk inda ta faɗi yana can. Yanzu ka gan shi a gaba, kafin ka tauna goro ya koma baya, mata na leƙowa ta kan darni suna guɗa. Ni kuwa ina can gindin tsamiya, wai ina neman akuyata da ta ɓata. (Akuyar nan ta sha ɓata a shekarun nan, kuma kullum kusa da filin makaranta.)

Abu ɗaya ne ba na faɗa ko a zuciyata: duk gudun nan, yaran garin Toranke cinye mu suke yi. Kafin a dawo daga hutun rabin lokaci Barewa ya zama tunkiya, ya dafa gwiwa yana haki.

Sai aka kawo mana sabon malami, Malam Garba, matashi mai sanyin murya, ya fito daga makarantar horon malamai. Da safe ya koyar da yara, da la'asar ya koya musu ƙwallo, ranakun da ba ƙwallo kuma ya zauna da mu tsofaffi a zauren mai gari yana nuna mana baƙi da wasali. Ba a daɗe ba akuyata ta sake ɓata, na je gindin tsamiya, na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Yara na ta guje-guje, yaron nan yana tsakiyar fili yana taku kamar attajiri mai duba shanu a kara. Ƙwallo ta zo ya taɓa ta, ya waiga, ya tura wa wani. Shi ke nan.

Ilu ya same ni a wurin. Ya ce, "Kai, wancan mai tafiyar sabon angon, ɗan wane gida ne?"

Na ce, "Ina na sani."

Ya ce, "An ce jikan masu gaban gayya ne. Ni dai na ce ƙarya ne, gidan can ba a haifi mai tsayuwa ba."

Maganar ta shige ni, domin gaskiya ya faɗa. A gidanmu tun kakanni, in an yi gayyar noma mu ne a gaba. Ni kaina a zamanina ba wanda ya taɓa riga ni kai wa ƙarshen gona. Kuma a gayya, wanda ya miƙe ya ɗaga kai yana kalle-kalle alhali 'yan'uwansa na sunkuye, suna ɗaya gare shi: rago.

Ranar aji na jira kowa ya watse, na matsa kusa da Malam Garba ina gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Na ce, "Malam, wani mutum ne ya aiko ni da tambaya. Wai yaron gidansu da yana da gudu, yanzu kuma kamar an ɗaure masa dutse. Ko ciwo ne?"

Ya yi murmushi, bai tona ni ba. Ya ce, "Baba, ku gaya wa mutumin lafiyar yaron ƙalau. Da, yana ƙarar da gudunsa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Yanzu so nake ya ajiye shi, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai, ya bar ƙwallo ta yi masa gudun. In ya ga hanya ta buɗe, a nan zai saki ƙafa."

Na ce, "To in hanyar ba ta buɗe ba fa?"

Ya ce, "Sai ya yi haƙuri, kamar mai aiken. Ku kuma gaya masa wannan: ranar da za mu kara da Toranke a Gaya, wanda ya ci shi ne zai tafi Kano. Na faɗa wa yaron, in ya bar tsakiya ya koma bin ƙwallo, zan cire shi. Wanda na cire kuwa, ko mun ci, ba ya cikin tafiya."

Na ce to, Allah ya saka. Amma a raina na ce wannan malamin bai taɓa riƙe garma ba. Ai in alƙalan Gaya suka ga gudun yaron nan, ko Malam Garba ba zai iya cire shi ba. Matsalar kawai, ba ni da bakin da zan zaunar da ɗan fari in ce masa ga yadda za ka yi. Sai na tuna da wanda ya iya magana da ƙafafun gidanmu ba tare da ya buɗe baki ba, wato Ɗanjuma makaɗi, mai gangar noma. Kowane gida a Kademi yana da takensa, kuma namu, in aka buga shi, ba ɗan gidan da ke iya tsayawa wuri ɗaya. Na kai masa goro da damin gero, na ce, "In na taɓa hulata, ka saki namu."

Ya ce, "A filin ƙwallo? Ba gona ba?"

Na ce, "Kai dai ka saki."

Ranar wasa Kademi ta kwashe, wasu a keke, wasu a motar kasuwa. Na sa babbar rigata ta sallah, fara sol, na sami wuri a bakin layi. Ilu na damana, Ɗanjuma na bayana, can gefe kuma a kan buzu ga surukina, kakan yaron na wajen uwa, dattijon da ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. An yi ruwa kwana kaɗan kafin nan, gefen filin da muke akwai wani ɗan kwari da ya riƙe taɓo. Ku riƙe wannan kwarin a ranku.

Aka busa usur. Yaran Toranke suka taso kamar an watsa wa kaji tsaba, ba a jima ba suka jefa mana ɗaya. Yaron nan yana tsakiya yana takunsa. Bayan hutu ya tura wata ƙwallo doguwa ta faɗi a gaban wani ɗan unguwarmu, shi kuma ya rama. Jama'a na ihu, ni ban ga abin ihu ba, tunda wani ne ya ci.

Rana ta yi ƙasa, ana ɗaya da ɗaya. Ilu ya sunkuyo kunnena ya ce, "A kai masa kujera mana, tsayuwar ta yi yawa." Na taɓa hulata.

Ɗanjuma ya saki taken. Na ga kafaɗun yaron sun zabura kamar an tsikare shi da tsinke. Ya waigo ya dubi gangar, ya dubi Malam Garba, sannan ya cije leɓe ya tsaya inda yake. Na sake taɓa hula. Ɗanjuma ya ga kiɗa kaɗai bai isa ba, sai ya ƙara da baki. To amma yaron bai taɓa yin gaban gayya ba, ba shi da kirari. Kirarin da Ɗanjuma ya sani a gidanmu nawa ne.

"Na gaban gayya! Mai barin samari a baya! Gona ta gan ka ta sallama!"

Rabona da jin wannan tun kafin in yi furfura. Na ji wani abu ya taso daga tafin ƙafata. Daidai lokacin ƙwallo ta kuɓuce wa yara, ta gangaro gefenmu ita kaɗai, ba kowa a kanta. Wallahi ban san sa'ad da na tattare riga na saɓa a kafaɗa ba. Na dai ji iska a kunnena, na ga fararen layuka na wucewa, na ji wata ƙatuwar murya na cewa, "Ga yadda ake yi! Ga yadda ake yi!" Daga baya aka tabbatar mini muryata ce.

Na isa ƙwallon kafin kowa, wannan kam ba mai ƙwace mini. Na ɗaga ƙafa na kai mata duka da duk ƙarfin shekaruna. Ƙwallo ta tsaya inda take. Takalmina ya tashi sama ya nufi Toranke. Ni kuwa na nufi kwarin nan, na zauna a ciki daɓas, riga ta rufe mini kai.

Ganga ta yi shiru. Daga cikin rigar na ji usur, sannan na ji dariya ta fashe daga kowane gefe, har da mai sayar da rake. Wani daga Toranke ya ɗaga murya: "Sun sako na sha biyu!" Wani ya ce, "Alƙali, a duba haƙoransa, wannan ya wuce firamare!"

Da ma dariyar ce kaɗai, da sauƙi. Malamin Toranke ya nufi alƙalin wasa yana cewa mutumin Kademi ya ɓata wasa, a ba su nasara. Na ga alƙalin yana jinjina kai kamar zai yarda. A nan sanyin taɓon ya kai mini har ƙashi, domin na gane tafiyar Kano ce nake shirin binnewa a kwarin nan, ta yaron nan da ta abokansa duka. Malam Garba ya cire hula yana ba da haƙuri, ya daɗe yana magana a hankali. Daga ƙarshe aka yarda a ci gaba, da sharaɗin a kifa ganga, a kuma riƙe dattijo. Dogarin hakimi ya rako ni bakin layi. Da muka wuce ta gaban Malam Garba ya ce a hankali, "Baba, ku gai da mai aiken." Ilu kuwa ya zauna a kan gefen rigata, ya ce umarnin hukuma ne.

Aka ci gaba. Yanzu da nake zaune dole, sai na ga abin da ban gani ba ina tsaye. Yaran Toranke sun dafa gwiwa, suna haki irin wanda na sani. Yaron nan ko gumi bai jiƙa masa riga ba. Ƙwallo ta zo masa a tsakiya, ya taka ta, ya ɗaga kai. Masu tsaron bayan Toranke biyu suka buɗe, kowa na jiran ya tura wa wani kamar yadda ya yi tun farkon wasa.

Sai ya saki ƙafa.

Jama'a, na ga gudu a rayuwata, na kuma yi, amma irin wannan ban gani ba. Ya ratsa tsakaninsu kamar ba mutane ba ne turaku ne. Mai tsaron gida ya fito, ya kauce masa, ya mirgina ƙwallo tsakanin sanduna a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ba a daɗe da komawa tsakiya ba aka busa tashi.

An ce na miƙe da Ilu da komai. An ce na ɗaga hannu biyu, taɓo na ɗiga daga gwiwar hannuna, na kira sunan yaron nan, sunansa na yanka, da muryar da aka ji har bakin kasuwa. Ba sau ɗaya ba. An ce har na ƙara da "Ɗana ne!" Wannan na ƙarshen ina musunsa har gobe, amma shaidu sun yi yawa. Abin da na gani da idona shi ne surukina ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ilu ya dube ni ya ce, "Af, ashe ka san ɗan gidan da yake."

Muka koma Kademi da kofi a gaban mota, Ɗanjuma na kiɗa, wannan karon ba wanda ya hana shi. Yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kansa a ƙasa, na ce "Yauwa," na kau da kai kamar yadda aka saba, sai dai mu biyun mun san aikin gama ya gama. Uwarsa ta karɓi rigar ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce, "Malam, an ce yau mutum biyu suka yi gudu a gidan nan. Ɗaya ya kawo kofi. Ɗayan ga abin da ya kawo mini."

Yaron ya je Kano. Ni ma na je, a layin baya na zauna, na roƙi Ilu da kaina ya hau gefen rigata tun kafin a busa usur. Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne. Malam Garba ya yi gaskiya, gudu abin ajiya ne, a fito da shi ranar da hanya ta buɗe. Sannan in za ka ɗauko makaɗi don ya motsa wani a gidanku, ka fara tambayarsa kirarin wa ya sani.