Jirgi Ba Shi Da Taya

Allah ya yi maza a duniya, amma da aka zo kan Sarkin Feda sai aka ƙara mudu. Shi ne shugaban ƙungiyar masu yawon keke ta unguwarmu. Shi ya kafa ta, shi ya zaɓi kansa, shi ya tashi ya yi wa kansa barka. A ranakun aiki mai sayar da fenti ne, ba ruwansa da kowa. Amma da zarar ya cusa tumbinsa cikin matsattsiyar rigar nan mai aljihu uku a baya, ya kifa hular kwano, ya rataya usur a wuya, to ko matarsa sai ta yi gyaran murya kafin ta ce masa abinci ya huce.

Usur ɗin nan shi ne sarautar. Da shi ake tashi, da shi ake tsayawa, sai an busa shi ake shan ruwa. Akwai kuma Doka ta Ɗaya, wadda ya rubuta da hannunsa mai albarka: duk wanda ya ɗora kekensa a kan wata taya ana cikin tafiya, ya bar ƙungiya, ko shi wane ne. Bara ƙanin matarsa ya gurɗe a ƙafa, wata motar kaya ta rage masa hanya. Sarkin Feda ya kore shi a gaban jama'a, har da ƙwalla, wai adalci bai san suruki ba.

Bana su bakwai suka fita tafiyar kwana shida. Kwana uku ana rana, shugaba na baya yana haki yana ba da umarni. Dokin mai baki ai ya fi gudu. Rana ta huɗu aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tela, wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu, ya leƙa daga barandar masauki ya ce ko za a ɗan jira. Kai, ina ma bai faɗa ba!

"Jira?" in ji Sarkin Feda, ya hau kan matakala don a gan shi da kyau. "Mu gishiri ne da za mu narke? Ni da kuke gani na taka feda cikin ruwan da ya kai wa raƙumi wuya. Ruwa sabulun jarumi ne. Ku wuce gaba, ni zan rufe baya, kada wani rago ya sulale."

Ya busa usur, mutum shida suka faɗa cikin ruwa. Jarumi ya tsaya har suka sha kwana. Ya taka kamar tsawon gida goma, ruwa ya gangara ta ƙeyarsa ya shiga inda bai kamata ba, sai keken da kansa, don dai keke ne mai hankali, ya karkata zuwa tashar jirgin ƙasa.

Mai sayar da tikiti ya ce keke ma sai an yanka masa nasa, don kaya ne. Ran shugaba ya ɓaci. Ya yi bayanin cewa wannan abokin gwagwarmaya ne, ya ga duwatsu, ya ga kwazazzabai. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya buga hatimi, ya miƙo tikiti biyu. Aka jingina abokin gwagwarmaya a taragon baya tsakanin buhunan albasa.

A cikin jirgi ya sami kujera kusa da taga, gefen wata dattijuwa mai kwandon ƙwai. Bai bar ta ta yi gyangyaɗi ba. "Baba, abin da nake yi yanzu sunansa binciken hanya. Shugaba na gari yakan duba ƙasa daga sama. Yarana suna can, ina tausaya musu, amma horo ne." Ta ce Allah ya ba da lada, ta roƙe shi ya janye gwiwarsa daga kan ƙwanta.

Da azahar ya sauka a garin da za su kwana, a bushe ƙayau, har da barci a ido. A nan ne basirarsa ta motsa. Kekunansu ba su da madigadi mai tare taɓo, shi ya hana, wai kayan tsofaffi ne. Saboda haka duk wanda ya yi tafiya cikin ruwa, tayar baya kan zana masa layin taɓo tun daga ƙugu har wuya. Wannan layin shi ne shaidar wahala, kuma shugaba ba zai tsaya gaban mabiyansa babu shaida ba.

Ya zaga bayan masauki inda famfo yake. Ya tuɓe riga, ya shimfiɗa ta a kan dakali, ya kwaɓa taɓo. Mutum ne da ya san fenti, sai ya ja layi miƙaƙƙe sambal, ya yayyafa ɗigo-ɗigo a gefe. Wallahi aikin ya yi kyau. Yana cikin ja da baya yana ƙare masa kallo sai ya ji ƙararrawar kekuna a bakin ƙofa. Ya sheƙa wa kansa bokitin ruwa, ya zura riga a gurguje, ya fito yana ɗingishi.

"Sai yanzu?" ya ce. "Na bi ta hanyar dutse, na riga ku da awa biyu. Ku dubi yadda ruwa ya yi da ni!"

Suka duba kuwa. Mutum shida, leɓɓansu na rawa, yatsunsu sun yi fari, suka zuba masa ido. Mai Faci, wanda ke gyara musu taya, ya matso a hankali.

"Ranka ya daɗe, da baya-baya ka tuƙo?"

Layin taɓo na nan ɗoɗar daga maƙogwaro zuwa cibiya. Aljihu uku sun dawo kan tumbi, kuma daga na tsakiya tikiti biyu sun leƙo suna gaida jama'a. Tela ya zare su, ya karanta da ƙarfi, ya miƙa tafin hannu yana jiran usur.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sarkin Feda ya damƙe usur da hannu biyu. "Ku karanta dokar! Cewa ta yi taya. Jirgi yana da taya? Wa ya taɓa yi wa jirgi faci? Ƙarfe ne a kan ƙarfe. Ni na rubuta dokar, na san abin da na nufa."

Tela ya dubi Mai Faci, Mai Faci ya dubi sauran. Sannan Tela ya sauke hannunsa ya ce gaskiya shugaba ya fi su ilimi, usur nasa ne, Allah ya ja zamani. Sarkin Feda ya kwana yana murmushi, ya ci nasara.

Washegari ruwan ya dawo, har ya fi na jiya. Kafin shugaba ya gama ɗaure igiyar takalmi, mutum shida sun yi layi a tasha, bisa sabuwar fatawa. Ya iso yana haki, ya ce a yanka masa biyu. Mai tikiti ya ce wurin keke shida ne a taragon, kuma ya cika. Tela ya leƙo ta taga da kofin shayi a hannu.

"Ranka ya daɗe, sai ka rufe baya, kada wani rago ya sulale."

Jirgi ya ja. Sarkin Feda ya tsaya a kan dandamali, ruwa na zuba daga hular kwano, ya cika kumatu ya busa usur na tsayawa. Karen tasha ne kaɗai ya waiwayo.