Mai Bushiya da Makullin Ɗaki

Akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, Malam Filibus, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a taragon baya yana ɗaga tuta da busa usur. Da suka yi ritaya, abokansa kowa ya sami abin yi. Wani ya kama kiwon alade, wani ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci alhali muryar ba ta nan, wani kuma ya tare a gindin mangwaro yana gyara wa gwamnati kuskurenta da baki. Shi kuwa Filibus sai ya ɗauko wa kansa aikin da ba wanda ya aike shi, wai sai ya dawo da Mai Bushiya duniya.

Mai Bushiya wata giyar kwalba ce ta zamanin samartakarsu. Tana da sunanta na Turanci, amma ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa a kai. Hoton bushiya ne a jikin takardar, shi ke nan suna ya bi ta. Kamfanin da ke yin ta ya daɗe da rufewa, amma ɗanɗanonta ya ƙi barin bakin Filibus. In ya fara ba da labarinta har lumshe ido yake yi: ɗan ɗaci a gaba, ɗan zaƙi a baya, sa'an nan wani wari-wari da ya kasa samo wa suna, mai hawa hanci ya zauna. A wancan zamanin, da sun sauka daga aiki shi da direbansa Zakka, kantin wani mutum suke nufa a bayan tasha, su zauna a kan akwatunan kwalaben da mai kantin ke jibgewa a fili, su sha su yi ta dariya kamar ba za su tsufa ba.

Wurin aiki bai ba shi wahalar samu ba. Ɗakin ajiyar gidan ya ƙwace, ya sayo kwaɗo ya garƙame, makullin kuma ya koma zama a aljihunsa har cikin coci. Ya tara babbar tukunya, da jarkoki, da tiyo, da wani ɗan ƙarfen matse marfi da yake ji da shi kamar jikansa. Ya jiƙa dawa ta yi tsiro, ya shanya, ya niƙa, ya dafa, ya tace. Ganyen da Turawa ke sa wa giya ɗaci ba a samun sa a kasuwar garin, don haka ya fara gwada shuwaka, abin ya fito kamar ruwan miya. Ya koma ganyen dogon yaro, maƙwabcin da ya ɗanɗana ya ce zazzaɓinsa ya sauka amma ba zai ƙara ba. Wata rana kuma yis ya yi yawa, kwalabe suka dinga fashewa ɗaya bayan ɗaya da tsakar rana, har matan unguwa suka kwashi 'ya'yansu suka yi ɗaka, suna tsammanin harbi ne.

A gaskiya dai mutumin ya yi ta ƙwarewa. 'Yarsa Tabita da ke aure a Legas ta riƙa aiko masa da sha'ir da ganyen ɗacin na ainihi. Giyarsa ta washe, kumfa ya tsaya, ƙamshi ya daidaita. Duk wanda ya sha sai ya yaba. Shi kaɗai ne zai kurɓa, ya juya a baki, ya girgiza kai, ya ce da saura.

Matarsa Rifkatu ba ta sha, ba ta kuma taɓa sha'awa ba. Jigo ce a zumuntar mata, kuma manomiyar citta ce ta gasken gaske. Shekara da shekaru tana kallon wannan hidima tana haɗiye magana, domin ta ce gara ya yi haukansa a gida da ya je ya yi a waje. To bana sai citta ta yi mata albarka fiye da kima. Ta tsaga, ta shanya, ta ɗura a buhuna, sai wurin ajiya ya gagara. Buhu a falo, buhu a bayan ƙofa, buhu a ƙarƙashin gado, har Filibus ya koma kwana yana atishawa. Ga damina ta kusa, busasshiyar citta kuwa in ta sha danshi ta yi fumfuna, wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Ran nan da safe ta tare shi a bakin ɗakin.

"Baban Tabita, ɗakin nan nake so."

"Wane ɗaki? Masana'anta dai."

"Ko fadar shugaban ƙasa ce. Hadari ya fara haɗowa, cittata tana falo kamar baƙuwa. Kai kuma tun Tabita tana goyon fari kake cewa da saura. Yaron nan yanzu shi ke kai ƙannensa makaranta."

"Na kusa, Maman Tabita. Wannan dahuwar ta ƙarshe, in kin ji ƙamshinta..."

"Ni ba na ji. Amma akwai mai ji. Kira Baba Zakka, ba tare kuka sha ta ba? In ya kurɓa ya ce ita ce, ɗaki naka ne har ranar da za a kai ka makwanci, ba za ka ƙara jin bakina ba. In ya ce ba ita ba ce, ka miƙo makulli."

Filibus dai ya san Zakka. Tsohon direban nan ƙarar inji ta cinye masa rabin kunne, amma harshensa na nan garau, kuma bai iya kara ba ko kaɗan. Shi ne ya taɓa ce wa amarya a gaban dangin miji tuwonta bai nuna ba. Sai dai dahuwar ƙarshen nan ta yi kyau ƙwarai, kuma namiji ba ya ja da baya a gaban matarsa a ƙofar masana'antarsa. Ya ce ya yarda.

Dahuwar ta yi yawa har akwati guda na kwalabe ya rasa wuri a ɗakin, Filibus ya ajiye shi a lungun kicin. Rifkatu ta yi tuntuɓe da shi sau ɗaya, ba ta jira na biyu ba. Ta ja shi ƙiii zuwa tsakar gida ta danne gefen tampol ɗin da take shanyar citta, don iska na yawan ɗaga shi. Nan akwatin ya yi ta wuni a rana kwana da kwanaki. In ta matsar da shanya ta ja shi, in ta gaji ta zauna a kai tana tsagar citta. Da Filibus ya gani ya ɗora hannu a ka, ya ce ta kashe masa akwati guda, rana ai maƙiyiyar giya ce, kowane littafi ya faɗa. Ta ce to littafin ya zo ya danne mata tampol. Ya yi fushi na wuni ɗaya, ya cire akwatin daga ransa.

Ranar Asabar da la'asar Zakka ya iso yana dogara sanda, da tsohuwar hular aikinsa a ka. Filibus tun safe yake shiri. Ya sayo ƙanƙara ya binne kwalabe a bokiti, ya wanke kofin gilashi har yana ƙyalli, ya shimfiɗa ƙyalle a tebur kamar za a karɓi bishop. Rifkatu ta kawo wa baƙo gyaɗa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, tsintsiya a hannu, wai shara za ta yi.

Filibus ya fasa kwalba, ya karkata kofi ya zuba a hankali, kumfa ya hau ya tsaya fari tas. Zakka ya ɗaga kofin ya duba a haske, ya shinshina, ya kurɓa. Ya daɗe yana juya ta a baki. Filibus ya zuba masa ido.

"Filibus."

"Na'am, Oga Direba."

"Kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni na yi."

"Kai, madalla. Ban taɓa shan giya mai daɗin wannan ba." Ya ajiye kofin. "Amma ba ita ba ce."

"Oga, ƙara kurɓa dai. Wataƙila gyaɗar ce ta tare maka harshe."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙara kurɓa!"

Zakka ya ƙara, har ya shanye, aka fasa ta biyu ita ma ya ga bayanta, don shi mutum ne mai son tabbatar da gaskiya. Sa'an nan ya share baki ya ce, "Wannan ta manyan mutane ce. Mai Bushiya tana da wani abu da ke dukan hanci. Wannan ba ta dukan kowa."

A bakin ƙofa aka ji tsintsiya ta fara aiki, har da 'yar waƙar zumunta ƙasa-ƙasa. Filibus ya sa hannu a aljihu ya damƙe makullin. Baƙin ciki ya kama shi, kuma ba na ɗakin kaɗai ba ne. Shi dai so yake ya ƙara jin wannan ɗanɗanon sau ɗaya kafin ya mutu, ya ji kansa saurayi a bayan tasha, ga shi abin ya gagara. Ya ce bari ya raka baƙo tukuna, ko makulli ya ƙara ɗan jimawa a aljihunsa.

Suna ratsa tsakar gida ƙafar Zakka ta ce ba ta san zancen ba. Kwalba biyu a cikin tsoho ba wasa ba ne. Ya nemi wurin zama, ya sami akwatin da ke danne da tampol ya yi zaman dirshan a kai. Yana zama sai ya ji ƙarar kwalabe a ƙarƙashinsa. Ya laluba ya zaro ɗaya, da zafinta kamar an sauke daga murhu.

"Oga, bar wannan, ta lalace! Rana ta gama da ita!"

Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya ƙi, oho. Ya kafa marfin a gefen akwati ya buga da tafin hannu, irin yadda suke yi a da. Kumfa ya yi tsiri ya wanke masa hannu. Wani wari ya tashi, har Rifkatu daga nesa ta toshe hanci da gefen zani. Zakka ya kafa kai ya yi kurɓa guda, sai ya tsaya cak. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Filibus ya duba ya ga hawaye na gangarowa a fuskar tsohon.

"Filibus," ya ce. "Ita ce."

"Oga?"

"Ita ce, na rantse! Ga tasha nan ina gani. Ga jirgin Makurɗi ya shigo. Ga mai kanti yana zagin mu mun zauna masa a kan kaya. Karɓi ka ji!"

Filibus ya karɓa ya kurɓa, sai ga warin nan da ya yi shekaru yana farauta ya hau hancinsa ya zauna daram. Nan take abin ya faɗo masa. Mai kantin nan bai taɓa mallakar firji ba. A fili yake jibge kayansa, rana ta gasa su, a ja nan a ja can, su kuma su zo da ƙishinsu su zaro daga ƙarƙashinsu su sha da zafinta. Ashe tun farko giyar da rana ta ɓata suke sha suna santi, shi kuma ya ƙare ƙarfinsa yana ɓoye tasa a inuwa.

Amma wa ya damu? Murna ta kwashe shi. Tsoho ya taka rawa a gefen shanya har yana watsa citta, ya rungume Zakka, ya ɗaga kwalba sama kamar tutar da ya saba ɗagawa. Sa'an nan ya juyo wajen matarsa, ya zaro makulli yana kaɗa shi a iska.

"Maman Tabita, kin ji da kunnenki! Alƙalin da kika zaɓa da kanki ya ce ita ce. Ɗaki ya zama nawa har makwanci!"

Rifkatu ta jingine tsintsiya, ta tako a hankali, ta ɗan rusuna wa baƙo, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba Zakka, wadda aka fito da ita daga ɗaki fa?"

"Ba ita ba ce, 'yata."

"Wadda na jefar a rana?"

"Ita ce, ba ko shakka."

Ta juya ga mijinta ta buɗe tafin hannu.

"To barka da nasara, Baban Tabita. Ga rana nan, taka ce duka, ba mai raba ka da ita har makwanci. Miƙo makullin inuwa."