Cinikin Motar da Ba ta Sayarwa Ba

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je sayen motata ta farko a Cheras, can ƙasar Malesiya, ba. Lokacin korona ne, an ɗan sassauta kulle. Maigidana yana digirinsa na uku, ni kuma ina gida a unguwar Taman Melati da yara biyu da sabon lasin tuƙi. Shiga jirgin ƙasa da yaran ya zame min tashin hankali, don ƙaramar har ƙarfen riƙewa take lasa. Sai muka ce a nemi 'yar ƙaramar mota ta hannu, daidai ƙarfinmu.

Zaman kullen nan kaf a kallon bidiyon duba tsohuwar mota na ƙarar da shi. Na fito ina jin babu dillalin da ya isa ya cuce ni (ni da har lokacin sai na leƙa ƙasa nake gane birki).

Farfesan da ke duba aikin maigidan, ɗan Malesiya, shi ya yi mana kwatancen wani wurin sayar da motocin hannu, har ya ce zai zo ya taya mu zaɓe. Ban taɓa ganinsa ba. A raina dai mai kwat ne da nakatai.

A bakin ƙofar wurin na'urar awon zafi ta ce jikin maigidan da zafi, saboda rana da muka sha. Aka ce ya zauna a inuwa ya huce. Ni kuwa na wuce ciki abina.

Can gefe na hango wani dattijo da takunkumi da silifas yana goge gilashin wata tsohuwar mota ruwan toka. Na ce a raina ga dillali.

"Pakcik," na kira shi yadda ake kiran dattijai a can, "buɗe min gaba in ga inji."

Ya dube ni jim, sannan ya ce, "Boleh," wato ba matsala, ya buɗe.

Na zaro ƙarfen awon baƙin mai na shinshina (ban san ƙanshin da nake nema ba, a bidiyo na gani). Na shuri taya. Na ƙwanƙwasa ƙofa na kara kunne. Sannan na shige na zauna, na buɗe aljihun gaba, na tarar da carbi da biskit.

"Wannan ai ƙarnin busasshen kifi take yi," na ce. "Ga karce ko'ina. Mai motar nan yana gani kuwa?"

"Ido dai ya fara rauni lah," ya ce a sanyaye, da "lah" ɗin nan da suke rufe magana da ita.

Na taya ta da abin da ko keke mai kyau ba zai saya ba. Ya ce sai ya shawarci matarsa tukuna. Na ce, "Au, nan har matar dillali ake tambaya?"

Daidai nan maigidan ya ƙaraso da sassarfa. Ya dafe ƙirji ya rusuna.

"Prof! Sannu da zuwa."

Sannan ya juyo, ya yi magana ta cikin haƙora da Hausa: "Maman Hanifa, me kike yi a cikin motar malamina?"

Wallahi na so kujerar ta haɗiye ni. Ga carbin mutum a hannuna. Garin saurin fita gwiwar hannuna ta danne hon, duk jama'ar wurin suka waigo. Na fito ina ba da haƙuri da Hausa da Turanci da wani yaren da ni ma ban san shi ba. Farfesa kuwa dariya yake har takunkuminsa na rawa. Ya ce motar ta girmi aurenmu, kuma tun yana saurayi ba a taɓa yi masa faɗa irin wannan ba.

Shi ya zaɓar mana wata farar ƙaramar mota a ƙarshe, mai lafiyar inji. Ni ko kusa da tayarta ban je ba.

Kwana uku maigidan bai ci abincin kirki ba, don babi na huɗu na kundin digirinsa yana hannun mutumin. Da gyaran ya dawo, sai ga rubutu a saman shafin farko: "Aiki ya yi kyau. A gaya wa madam na kai motar wanki."

Tun daga ranar, duk inda na shiga sai na fara tambayar, "Kai ne mai wurin?" Ko mutum yana bayan kanta yana soya min gurasar roti, sai na tambaya.