Baturen da ke son zumar Kawu

Na amsa laifina: ni na shelanta wa Faskari cewa Jamusawa sun gano zumar Kawu Sale.

Shafin talla na buɗe masa a intanet. Duk ranar da na duba ƙasashen masu leƙowa, sai in ga mutum guda daga Jamus. Na isa wajen Kawu ina haki.

"Kawu, Turai ta waiwayo mu! Bature ba ya zarya a banza."

Mako biyu Kawu ya hana kowa zuma, yana jiran Bature. Har babbar rigarsa ya kai wanki. Ni kuwa na koma gaisawa da hannu ɗaya a aljihu.

Ran Juma'a Gwaggo Lami ta zo daga Daudawa, ta miƙo min wayarta. "Kai ɗan nan, mi ya hana ka canza hoton kwalbar nan? Kullum sai na leƙa shafinku."

Ashe manhajar tsimin data ce a wayarta, ta Jamus take zagayawa kafin ta iso shafinmu.

Kawu ya dube ni ya ce, "Jakada, ga Baturenka nan, kawo mata ruwa."

Yau ko liman Jakada yake kirana.