Maneji da Akuyar Iya Hure

"Lafiya ƙalau, uwargida. Ya zaman jiran miji?"

"Wane mijin? Wanda ya fita tun da sassafe, sai yanzu da la'asar yake shigo mini da ƙafafu buɗu-buɗu kamar an tono rogo? Ya kasuwar?"

"Kasuwa ana maneji."

Mai tambayar kasuwar ita ce Iya Hure, mai amsawar kuwa jikanta ne Uwaisu, ɗalibin kwalejin horon malamai da ya zo hutu. A ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta kowa ya san waɗannan biyun ba sa gaisawa sai da tsiya. Shekarar kuwa ita ce wadda ta biyo bayan fari biyu a jere, lokacin da mutanen birni ke bin layin sabulu, mu na ƙauye muke leƙa rumbu muna gaishe da ɓera. Mati, uban Uwaisu, ya tafi ci-rani Kudu bai dawo ba. Gidan nan har irin shuka an daka an sha kunu. Sai ga ruwan shuka ya sauka jiya, mai kyau, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Duk wanda bai zuba iri kafin laima ta gudu ba, ya yi bankwana da daminar bana. Shi ya sa tsohuwar ta kwance akuyarta guda ɗaya tilo, ta ce Uwaisu ya kai ta kasuwa ya sayar, ya auno gero.

"Maneji kuma!" in ji Iya Hure. "Kada ka sake yi mini wannan kalmar a gida. Tun ranar da ta shigo garin nan malmalar tuwo take ƙanƙancewa. Ka tambayi mai shago sukari, maneji. Ka tambayi tela ina sauran yadinka, maneji. Waye ubanta ne?"

"Baturiya ce, Iya. Daga Ingila ta zo."

"Na san za a rina. Ina irin?"

"Bari in gaya miki tarihinta tukuna, ko kya mutu da ilimi."

"Kai za ka riga ni, mai wuya kamar mariƙin lema. Ina irin, na ce?"

"A can wurinsu kalmar mai martaba ce. In mutum yana juya kamfani, ko yana tafiyar da ma'aikata, shi ne yake maneji. Daga nan aka samo manaja."

"Manaja mai tumbi, irin na kamfanin gyaɗa?"

"Shi fa."

"To, a can tana ba mutum tumbi, da ta iso nan sai ta tsotse mu? Lallai a hanya aka yi mata fashi."

"Tana da wata ma'anar kuma. In abu ya yi wuya, mutum ya yi ta fama har ya kai gaci da kyar, shi ma sai su ce ya yi maneji."

"Kamar yadda na yi fama na raine ka, kana tsotsar yatsa har ka shiga aji uku."

"Sharri ne! Ta ukun ita ce tamu, wato a lallaɓa kaɗan ya yi aikin mai yawa. Ita muka fi riƙewa, don ita ta yi daidai da wuyanmu."

"Kamar batirin rediyonka da kake shanyawa a rana kan rufin ɗakina, sai ka ce kuɓewa."

Uwaisu ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Daidai nan sai wani kuka ya taso daga bayan danga, kukan da Iya Hure za ta gane ko a tsakiyar garke. Tsohuwa ta saki maficin da ke hannunta. Akuyar ta turo kai ta ƙofar zaure, ta wuce su duka biyun ko kallo babu, ta nufi turkenta kamar wadda ta dawo daga unguwa.

"Uwaisu."

In ta kira shi da sunansa na yanka, to wasa ya koma gefe.

"Na'am, amarya."

"Me wannan take yi a gidana?"

"Ta ƙi sayuwa. Dillalai sun buɗe bakinta, suka ce haƙoranta irin na mai ita ne, wai a kai ta gidan tarihi."

"Haƙorana sun fi na uwarka ƙwari."

"Wani mahauci ya taya, da ya ji sunanki sai ya ce ya fasa, wai naman zai yi masa gardama a tukunya."

"Kai, ɗan nan, dube ni nan." Muryarta ta sauka. "Tun asuba nake jin sungumin gidan Iliyasu yana sara. Duk maƙwabta sun fita. Gobe in rana ta buɗe, jibi ƙasa ta bushe. In ba mu shuka ba, me zan gaya wa ubanka in ya dawo? In ce ɗansa ya kai akuya yawon buɗe ido?"

"Saura asalin kalmar ban gaya miki ba."

"Zan fasa maka kai da muciya."

"Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Daga mutanen Italiya suka karɓo, su kuma a wurinsu horar da doki take nufi. Ka riƙe linzami, ka bi da shi a hankali har ya san hannunka. Tushenta can ƙasa, hannu ne. Abin da ka iya riƙewa da hannunka."

"Doki! Mu da ko jaki mun sayar bara. In dai hannu ne, to wurin kakata suka sato ta. Ita ce take tsoma hannu a ƙwarya ɗaya ta ciyar da gida, har a rage na almuru. Wani Bature mai jan kunne ya zo awon gyaɗa ya gani, ya rubuta a takarda ya gudu da ita."

"Ashe gadonmu ce."

"Gadonmu ce mana. Kai ne dai ba ka gaji komai ba sai surutu. Ina irin?"

Sai ya fita zaure, ya dawo rungume da ƙullin buhu, ya dire a gabanta. Iya Hure ta kwance bakin da sauri har igiyar tana kuɓuce mata. Gero ne. Ta ɗebo a tafi, ta hura, ta kai hanci, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza da haƙoran nan da aka gama zagi.

"Na bara ne," ta ce a hankali. "Ba ƙwaro. Wa ya zaɓa maka?"

"Ni da kaina."

"Ƙarya kake. Kai da ba ka bambance gero da maiwa sai an dama."

"Ke kika koya mini cizawa, ranar da kika ce in na auri mace irinki ba za a cuce ni a awo ba."

"To, akuya ga ta, gero ga shi. Sata ka fara? Gaya mini tun kafin dogarin dagaci ya zo, in san inda zan ɓoye ka."

"Wa zai ɓoyu a ɗakinki? Warin daddawa zai tona shi."

Ta tsaya tana kallonsa, kuma sai a lokacin ta lura gidan ya yi shiru. Kullum war haka rediyon nan yana kan turmi, wani Bature yana magana ta hanci, Uwaisu yana maimaitawa, kaji suna kallonsa. Da shi yake shirin jarrabawar fita da zai zauna bayan hutu, kuma ko rijiya zai je yana rataye da shi. Ta dubi kafaɗarsa. Babu igiyar, sai shatinta a jikin riga.

"Ina akwatin surutun?"

"Ya yi maneji."

"Uwaisu."

"Na gaji da shi ne. Baturen ciki ba ya amsa gaisuwa."

"Jarrabawar fa?"

"Abin da ya shiga kai ya shiga. Sauran na karanta a littafi." Ya sosa ƙeya. "Iya, a kasuwa dillali ya taya ta da abin da ko kaza ba za a ba shi ba, don kowa dabba ya kawo, ba mai saye. Ina riƙe da ita, hannuna a cikinta, sai na ji abu ya motsa. Ciki gare ta. In na bayar, na ba da biyu ko uku a kuɗin rabin ɗaya. Kuma ita kaɗai ce kike yi wa faɗa in ba na nan. Rediyo kuwa wani direba ya gani ya yaba, ko ciniki bai ja ba."

Iya Hure ta juya ta dubi turke. Ta san akuyar na da ciki, ta kuma san abin da take shirin asara, ta yi shiru ne don ba ta ga wata hanya ba. Daɗi ya kama ta, tausayin yaron ya kama ta, ta ja gefen mayafi ta share ido, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba tun safe.

"Kuka kike, amarya?"

"Ina kukan Baturen ne. Ya rabu da ɗalibi mai kan kabewa, ya huta."

"To, a biya ni ladan aike."

"Allah Ya yi maka albarka," ta ce, kuma wannan karon ba tsiya a ciki. "Allah Ya ba ka masu yi maka fiye da haka. Na gode, Uwaisu. Ka rufa mini asiri."

"Amin. Amma albarka ba ta kama tashar Kaduna."

"Ja'iri! Gobe da asuba kai ne sara, ni ce zubi. Ba zan ba ka irin nan ka watsa mini shi kamar mai ciyar da tattabaru ba. Yatsu uku, kowane rami. Da hannuna zai kai har kan iyaka."

"Wato za ki yi maneji."

"Zan yi gadon kakata." Ta miƙe da kyar, ta je turke ta kamo igiyar akuyar. "Ka ce asalin kalmar hannu ne ko? Kawo naka."

Ya miƙa. Ta damƙa masa igiyar, ta rufe yatsunsa a kai da nata hannun.

"Abin da ke cikin nan naka ne. In ta sauka lafiya ka yaye, ka sayar, ka sayo wani Baturen. Amma ka zaɓo mai amsa gaisuwa."

"In ta haifi mace fa? Sunanki zan sa mata."

"Sa mana. Ka ga ka samu Huren da za ta aure ka." Ta fashe da dariya har tana riƙe turke. "Yau kam ka kayar da ni, maigida. Je ka wanke ƙafafun nan, ka nemo sungumi tun kafin duhu."