An Kashe Samma'ar Hashim da Fartanya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da leɓen da har yanzu bai sace ba, Hashim Osman, manomi a Hillar Salihu da ke shan ruwan madatsar Makwar, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar samma'arsa, wato baƙar lasifikar kunnen nan da kowa ya san shi da ita a ka. Ta rasu jiya Talata da hantsi a bakin hawasharsa, gonar da ya gada wurin mahaifinsa. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, a gaban shaidu huɗu.

Marigayiya ba 'yar teburin kasuwa ba ce. A ɗakin ɗaukar waƙa ta tashi a Omdurman, inda Ayman, ƙanen Hashim, ya yi shekara shida yana kama wa mawaƙa kuskure da ita. Da yaƙi ya ɓarke, Ayman ya iso gida da ita rataye a wuya, ko takalmin kirki babu a ƙafarsa. Ya yi wata biyu, ya ce zai koma ya kwaso sauran kayan aiki, ya miƙa wa wansa ita ya ce ajiya ce. Yau shekara biyu da rabi ke nan, babu Ayman babu labarinsa. Sau biyu masu bindiga suna shiga gari suna kwashe wayoyi da babura, sau biyun kuma ta tsira a binne cikin buhun dawa.

Babban halinta gaskiya, kuma irin gaskiyar da ke ɓata zumunci. Ƙananan na kasuwa sukan kumbura ganga, dum dum, har mutum ya ɗauka kowane makaɗi gwani ne. Ita ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Ranar da Hashim ya fara ɗora ta sai ya ce wannan ai miya ce ba gishiri. Bai cika mako ba ya soma jin numfashin mawaƙiya kafin ta ɗauki baiti, da yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, da kujerar makaɗi tana kuka. Waƙoƙi uku da yake so tun yana saurayi ta ɓata masa su har abada, don ta nuna masa inda mai ganga ya yi tuntuɓe.

Ba za a ɓoye aibinta ba don ta mutu. Tana matse kai ba tausayi. Sa'a guda a zafin nan namu, kunnuwa sun yi jaɓe-jaɓe da gumi. Igiyarta mai tsawon taku huɗu ta taɓa janyo butar shayi daga kan garwashi. Sannan in ta hau kai, duniya ta rufe. Nasiba, matar Hashim, ta gaji da kira ta koma jifa da takalmi, har hannunta ya saba ba ta kuskure.

Amma ba don waƙa Hashim yake kuka ba. A wayarsa akwai wata waƙar biki da Ayman ya ɗauka bai gama gyarawa ba. A minti na uku, can ƙarƙashin ganguna, ta kunnen hagu, wani mutum yakan yi tari sau ɗaya, sannan ya ce a hankali, "Tani, tani. Mu sake shi." Ayman ne. An gwada a bakin waya, an gwada a manyan lasifikun masu biki, ganga ce ke haɗiye shi. Marigayiya kaɗai take fito da shi. Kowace Juma'a bayan la'asar, Iya, mahaifiyarsu, takan zame mayafi ta miƙo kai a ɗora mata. In tarin ya zo sai ta yi tsaki ta ce yaron nan har yau bai sha magani ba, a sake mata.

Ga yadda ajali ya zo. Talata ranar ruwan Hashim ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mai ban ruwa da kunne yake aiki. In ka buɗe bakin abu ishirin, babban kwatamin da ke bi ta gaban gonaki, sai ka kasa kunne, don in datsi ya ɓalle kukan ruwa yakan sauya, maƙwabta kuma su yi ta ihu daga gona zuwa gona. Hashim ya sakar wa alkamarsa ruwa, ya samu inuwa, ya ba gona baya, ya ɗora marigayiya a ka. Datsi ya ɓalle ta gefen gonar Muntari, wan Nasiba, wanda ya tone gyaɗarsa ya shanya ta tuli-tuli. Mutum huɗu suka yi ihu. Muntari shi ma ya yi har muryarsa ta dishe, yana tsaye cikin ruwa iyakar gwiwa, noman shekara guda yana iyo a gabansa, yana kuma hango surukinsa can yana kaɗa kai.

Ta baya ya zo. Ya finciko marigayiya, igiya ta naɗe wuyan Hashim ta shaƙe shi har idanunsa suka firfito, sannan ta tsinke. Ya buga ta da ƙasa ya ɗaga fartanya. Saran farko ya raba baƙin ƙarfen da ke bi ta kai gida biyu. Na biyu ya sauka a kunnen hagu, ya fashe, soso ya yi tsalle, ƙananan wayoyi suka zubo waje. Hashim ya faɗa kanta da ƙirjinsa, ƙotar fartanya ta same shi a baki ta ɗauke haƙori ɗaya. Daga nan suka birgima cikin taɓo. Ya ciji Muntari a kafaɗa har sai da ya ɗanɗani jini, ya danna kansa cikin ruwa ya hau ya zauna, kuma yana so a sani bai yi niyyar ɗagawa ba. Da ƙyar mutum huɗun suka ɓanɓare shi, a wurin turereniyar kuma wani ya take kunnen dama.

Muntari ya miƙe yana aman laka, ya sake kai hannu ga fartanya. Hashim ya tofar da jini ya ce, "Hagun ka sare, Muntari. Ayman na ciki." Muntari ya taɓa jin tarin nan da kunnensa. Ya saki ƙotar, ya zauna daɓas a cikin ruwan.

Maganar gyaɗa dattawa za su zauna a kanta, Hashim kuma bai musa laifinsa ba. Amma yana roƙon kada kowa ya ce masa ai roba ce da waya, don sauran haƙoransa suna nan.

Marigayiya ta bar igiya rabi, da jakarta ta baƙin yadi, da waya guda wadda yanzu take takaba. An sayo wa wayar ƙanana na kasuwa daga Sinnar jiya da yamma, an kai minti na uku sau tara, ganga kawai ake ji.

Za a binne ta gobe Alhamis da safe a gindin inuwar da abin ya faru. Malam Bilyamin liman ya ce babu salla, an kuma ji. Muntari ya roƙa a bar shi ya haƙa ramin, Hashim ya yarda bisa sharaɗin ya haƙa da fartanyar da ta yi kisan. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Hashim, akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa su zagayo ta bayan masallaci, kada su bi ta ƙofar Iya, su kuma rage murya. Ba a gaya mata ba tukuna, kuma jibi Juma'a.